Layi Ɗaya, Gida Biyu

Kafin a kira ni, unguwa ta riga ta gama shari'arta har ta yanke hukunci. Bidiyon Baba Hedimasta ya shiga kowace waya, tun daga shagon aski har wurin masu wankin mota. Tsohon da ya koyar da rabin magidantan layin nan, wanda ko bayan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi ba mai wuce tagarsa da ɗaga murya, ga shi yashe a ƙasa gefen gadonsa, mayafi ya zame, yana jan jiki da hannu ɗaya yana kira, “Uwata... Uwata...” Har bidiyon ya ƙare ba wanda ya shigo. A ƙasansa kuma an rubuta wai haka ake jinya a gidan nan.

Wata baƙuwar lamba ce ta jefa shi a guruf ɗin unguwa ranar Litinin, ta fice abinta. Aka bi lambar da kira, a kashe. Wunin ranar kaf surukarsa Maman Biyu aka sa a faifai, ita da ke jinyarsa. Washegari wani ya ce to, wa ma ya ɗauka? Hoton dai daga sama yake, daga kyamarar da ke maƙale a kusurwar ɗakin tsohon. Nan fa idanu suka juya kan Malama, mai haya a ɗakunan baya, wadda take shan intanet layi ɗaya da masu gida.

Ni na haɗa layin nan da hannuna, shi ya sa maganar ta tsaya mini a rai. Mai Sawu ake ce mini. Kakana sawun shanun sata yake bi, in ya durƙusa ya dubi ƙasa sai ya gaya maka ɓarawon gurgu ne ko mai gaggawa. Ni kebul nake bi da abin da ke yawo a cikinsa. Kuma ba cika baki ba, ban taɓa raba wa gida biyu layi ɗaya wani ya leƙa wani ba.

*

Mai Kanti, ɗan Hedimasta, shi ya kira ni ranar Alhamis, ko gaisuwar kirki babu. Na tarar da shi a tsakar gida yana kai da komowa. Ya ce ya ba Malama zuwa ƙarshen mako ta kwashe kayanta, ni kuma abin da yake so in yi kawai shi ne in tsinke kebul ɗinta, in nuna masa ta inda ta bi, don ya samu abin faɗa wa mutane. Na ce masa tsinkewa ba ta da wuya, amma bari in fara ganin aikina tukuna.

Ga yadda na yi aikin bara, lokacin da tsohon ya kwanta. Layi ɗaya ne ya shigo gidan, ya sauka a akwatin kamfanin intanet. Daga shi na fitar da kebul biyu, ɗaya zuwa akwatin masu gida, ɗaya ya ratsa tsakar gida zuwa akwatin Malama. Akwatin kamfanin kamar zaure yake: kowa zai bi ta cikinsa ya fita titi, amma ba mai ƙofar shiga ɗakin wani. Kyamarar kuwa a ɓangaren masu gida na ɗaura ta, don Maman Biyu ta riƙa duba tsohon a waya tana kicin. Sai da aka sha fama kafin ya yarda. Da ƙyar yake haɗa magana a lokacin, amma ya kafa sharaɗi biyu: hotonsa kada ya fita daga gidan, kuma ido kawai ya yarda a sa masa. Na cika masa duka biyun. In ba ka hau layin masu gida ba, ko kai wane ne ba ka ganin komai.

Akwatin kamfani da na masu gida suna kan wata kanta a barandar baya, inda kowa na gidan zai iya miƙa hannu. Ina ɗaga kai gabana ya faɗi. Kebul ɗin Malama ba ya inda na bar shi. An zare shi daga akwatin kamfani an cusa shi a bayan akwatin masu gida, a ɗaya daga ramukan nan masu launin rawaya. Wato an ɗauke ta daga zaure an buɗe mata ƙofa cikin falonsu. A haka kam, duk abin da ke layinsu tana iya gani, har da kyamara.

Na faɗa wa Mai Kanti gaskiya, domin ba na ɓoye abin da ido ya gani. Ya tafa hannu ya ce shi ke nan, magana ta ƙare. Yayarsa ta leƙo daga falo riƙe da kofin kunu. Gwaggo kowa ke ce mata, tun da tagwayen gidan suka fara magana. Aure ya kai ta wata unguwa, amma kusan kullum tana tafe duba mahaifinta.

“Ai na faɗa tun ranar da ake haɗa abin nan,” in ji ta. “Ina tsaye. Baƙo baƙo ne.”

Tana tsaye kuwa, na tuna. Ni mutum ne mai son bayani, in ina aiki bakina ba ya hutawa.

Na haska bayan akwatin da tocila. Ramukan da ba a amfani da su na saba rufe su da jan salatif, don ƙura da kuma hannun masu karambani. An yage shi, rabinsa na reto. Na taɓa gefen da ke da danƙo, ya kama yatsana tsaf, fes, ko ƙwayar ƙura babu. Barandar nan kuwa tana kallon tsakar gida, in ka ajiye faranti da safe kafin la'asar sai ka rubuta sunanka a kai. Faɗuwar tsohon ta fi mako guda da faruwa. Salatif ɗin nan bai yi mako a buɗe ba.

*

Na shiga gaida Baba Hedimasta. Ɗakinsa a jikin falo yake, ƙofa ce kawai tsakani. A falon akwai wani tsohon firij da na sani tun bara, wanda in zai tashi sai ya yi tari sau biyu, sannan kwalaben da ke kansa su ɗauki kaɗawa. Mai Kanti ya sha alwashin canja shi, firij ɗin kuma ya sha alwashin sai ya ga bayansa.

Tsohon ya amsa gaisuwata da ido. Gwaggo ta zauna bakin gado ta miƙa masa cokali, ya kau da kai ya fuskanci bango. Ta sake miƙawa, ya datse baki. Ta dube ni ta yi murmushin dole, ta ce tun da ya faɗi ciwon ya canja masa hali, ita da yake ji da ita fiye da kowa yanzu ko ruwa ba ya karɓa a hannunta. Maman Biyu ta zo ta karɓi kofin, ya buɗe baki ya sha. Na ga abin ya soki Gwaggo har cikin ƙashi, ni ma sai da na ji tausayinta.

*

Malama na tarar tana haɗa littattafai cikin kwali. Lissafi take koyarwa ta intanet, ɗalibanta na warwatse a gidajen iyayensu, ita tana gaban farin allo a ɗakinta. Mace ce mai ƙarancin magana, irin waɗanda unguwa ke ɗauka da girman kai saboda ba sa zaman ƙofar gida. Ta ce tashin ba shi ya fi damunta ba, ɗaki ana samu. Amma iyaye sun fara janye 'ya'yansu, wata uwa ma ta ce mata ba za ta bar kyamarar waya a buɗe gaban mai leƙen asirin mutane ba. In ta bar gidan nan da wannan suna, to ya bi ta ke nan duk inda ta je, sana'ar ma ta mutu.

Na tambaye ta ko ta taɓa akwatunan baranda. Ta ce ko launinsu ba ta sani ba. Na tambaye ta ko intanet ya ɗauke mata a 'yan kwanakin nan. Ta ce jiya Laraba da hantsi, tana tsakiyar darasi. Da yake tana naɗar darussanta saboda waɗanda ba su samu halarta ba, sai ta buɗe mini na jiyan. Ga ta nan riƙe da alƙalamin allo, baki buɗe tana tsakiyar kalma, hoton ya daskare. Can ya dawo, yara suna ta “Malama, ba ma jin ki.”

Na ji daɗi har na kasa ɓoyewa. Duk wanda ya zare kebul ɗin nan dole ya yanke mata layi na ɗan lokaci, ga shi kuwa an yanke tana tsaye gaban ɗalibai. Kuma Laraba, bayan bidiyo ya gama zaga gari. Amma na san Mai Kanti. Zai ce ai ba ranar aka fara ba, ko ya ce lambar sirrin intanet ɗinsu ta sata tun da can, tun da layinsu na kaiwa har tagarta. Salatif da daskararren hoto sun wanke kebul, ba su wanke Malama ba.

“Akwai wanda kika ba lambar sirrinki?”

Ta sunkuyar da kai. “Mai Aski. Ya dame ni da roƙo, wai don masu kallon ƙwallo.”

*

Shagon Mai Aski yana kallon gidan, titi ne kawai tsakani. In kana son labari ya kai ƙarshen gari kafin azahar, faɗa masa ka ce sirri ne. Shi ne ma yake bugun ƙirji cewa ya riga kowa ganin bidiyon, abin da ya sa na shiga shagon da shirin kama ɓarawo.

Na zauna a kujera na ce ya rage mini gefe. Yana aski ina tambaya, har na kai ga cewa an ce wanda ya fara gani shi ya ɗauka. Injin ya tsaya cak a bayan kunnena. Ya shiga rantse-rantse, ya ce shi wallahi a guruf ya gani kamar kowa, sa'a kawai ya ci wayar na hannunsa. Ya miƙo mini ita na duba. Babu manhajar kyamarar, babu alamar an taɓa sa ta, mutumin da ko lambar sirrin Malama sai da yaron shagon kusa ya shigar masa. Baki ne da shi kawai, ba hannu.

Don ya nuna mini zuciyarsa fara ce, sai ya ce bari ma in ga yadda abin ya zo masa. Ya haɗa wayar da ƙatuwar lasifikar da yake sa wa masu ƙwallo, ya kunna. Na kalli bidiyon nan a wayata ya fi a ƙirga, amma ban taɓa jin sa da ƙarfi haka ba. Muryar tsohon ta fito can ƙasa-ƙasa, kamar daga nesa. Sai wani abu ya yi tari sau biyu dab da kunne, kwalabe suka ɗauki kaɗawa.

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na miƙe da rabin aski a kaina, yana kira na in dawo ya ƙarasa, na ce ya ajiye mini sauran.

*

Maman Biyu na samu a kicin, idanunta sun kumbura. Tun Litinin ba ta leƙa waje ba. Ta ce ranar da abin ya faru daga makaranta aka kira ta, ɗaya daga tagwayen ya faɗo daga lilo ya fasa goshi. Baba na barci, maigidan na kanti, ta kulle gida ta ruga. Ta dawo ta same shi a ƙasa, ta ɗaga shi tana kuka, kuma a ranar ta faɗa wa mijinta da bakinta, ba ta ɓoye ba. Abin da ke ci mata rai shi ne shekara guda tana wanke shi tana juya shi, ba wanda ya ɗauki hoton wannan.

Na tambaye ta masu makullin ƙofar falo. Ta ce ita, da maigidan, da Gwaggo. Ta ƙara da cewa Gwaggo sai da yamma ta zo ranar, ta yi ta faɗa, ta ce dama ta sha cewa a ba ta mahaifinta ta tafi da shi gidanta, ƙaninta ya hana.

Na roƙe ta alfarma ɗaya. Ta shiga ɗakin Baba ta yi ta kiran sunan tagwayenta da ƙarfi, ni kuma na tsaya a ɗakin Malama na kunna naɗar sauti a wayata. Ban samu komai ba sai ɗigar famfon tsakar gida. Na dawo falo na zauna a kujerar da ke jikin firij na sake naɗa. Da na saurara sai na ce mata ta gaya wa maigidan ya tara mini mutanen gida gobe bayan la'asar, kuma kada kowa ya taɓa kebul ɗin nan.

*

Aka taru a falo. Mai Kanti a babbar kujera yana kaɗa ƙafa, Maman Biyu a bakin ƙofar kicin, Gwaggo kusa da ƙaninta, Malama a tsaye don ta ƙi zama. Mai Aski ba wanda ya gayyace shi, amma ya ce ya zo ƙarasa aski ne, ya samu gefe ya lafe. Ƙofar ɗakin Baba na bar ta a buɗe da gangan. Magana a kansa ake yi, yana da haƙƙin ji.

Na fara da kebul. Na nuna musu salatif, na nuna musu darasin Malama da ya daskare ranar Laraba. Na ce lokacin da aka ɗauki bidiyon nan katangar da na gina tana tsaye daram, Malama ba ta da hanyar ganin kyamara, Mai Aski ma haka. An buɗe ƙofar ne daga baya, don in an zo dubawa a same ta a buɗe. Kamar yadda na zata, Mai Kanti ya ce to in lambar sirrinsu ta sata fa? Na ce tambaya ce mai kyau, ya ba ni wayarsa.

Na buɗe kyamarar a wayar tasa, na ƙure sauti, na ɗaga kowa ya gani. Ga Baba kwance. Na ce Maman Biyu ta shiga ta tsaya ƙarƙashin kyamarar ta yi tafi. Ta shiga ta tafa. Muka ji tafin ta ƙofa, muka ga hannuwanta na haɗuwa a waya, amma wayar shiru kamar an toshe mata baki.

“Kyamarar nan ba ta da kunne,” na ce. “Baba ya ce ido kawai, na sayo wadda ba ta ji ko kaɗan. Kun saba kallon sa a waya kuna jin sa ta ƙofa, shi ya sa ba ku taɓa lura ba. To bidiyon da ke yawo yana da murya. Daga ina ta fito?”

Suka dubi juna. Na ce wanda ya yi aikin nan fuskar wayarsa ya naɗa yana kallo, wayar kuma ta kwashi sautin wurin da yake zaune. Na kunna musu abin da na naɗa a ɗakin Malama, famfo kawai. Na kunna bidiyon, na ƙure. Muryar tsohon daga nesa, sai tari biyu, sai kwalabe. Kamar an haɗa baki da shi, firij ɗin da ke bayana ya yi tarinsa biyu, kwalaben kansa suka amsa. Mai Aski ya yi salati a hankali.

“A kujerar nan aka zauna,” na ce, na dafa ta. “Taku kaɗan daga ƙofarsa. Ana jin sa da kunne, ana kallon sa a waya, ba a tashi ba. Gidan kuma a kulle yake, Malama ba ta da makulli.”

Mai Kanti ya ce shi yana kanti, yaransa shaida ne. Ya dubi matarsa, ya tuna goshin ɗansa da aka ɗinke, ya kau da kai. Daga nan sai ya juya a hankali ya dubi yayarsa.

Gwaggo ta gyara mayafi. Ta ce ita da yamma ta zo, kowa ya sani, makulli kuma ana iya yanka shi a kasuwa, kada a maida ita abin zargi a gidan ubanta saboda wani mai ɗaure-ɗauren kebul. Muryarta ba ta yi rawa ba, na ba ta wannan. Na ce haka ne, ana yanka makulli. Saura tambaya ɗaya, kuma ba ni da amsarta, su ke da ita: wa Baba yake kira?

“Uwarsa mana,” in ji Gwaggo. “Kowa in wuya ta kai shi uwarsa yake kira.”

Haka duk unguwa ta ɗauka, ni ma haka na ɗauka da farko. Amma na ce su sake kallo. Mai kiran uwar da ta rasu sama yake kallo, ko ya rufe ido. Baba ƙofa yake kallo, yana kira yana dakatawa, irin dakatawar mai jiran a amsa. Maman Biyu ta dafe bakinta. Mai Kanti ya ce, kamar mai magana da kansa, sunan kakarsu aka sa wa Yaya, tun tana jaririya Baba bai taɓa kiran ta da wani suna ba.

Daga cikin ɗakin aka yi gyaran murya. Duk muka juya. Maganar ta fito da ƙyar, kalma na jan kalma, amma ba wanda bai ji ba.

“Uwata. Na ji... makullinki. Na kira ki.”

Gwaggo ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa. Ba ta ƙara musu ba. Cikin kuka ta ce ta shigo ke nan ta ji faɗuwarsa, ta ga ba kowa a gidan, zuciya ta ce mata ga hujjar da za ta sa a ba ta mahaifinta. Ta ce minti ɗaya kawai ta yi niyya, sannan ta shiga ta ɗaga shi. Tana cikin naɗa ta ji Maman Biyu na buɗe get, kunya ta kama ta, ta fice ta ƙofar baya. Ta riƙe bidiyon kwana da kwanaki, ta rasa yadda za ta nuna wa ƙaninta ba tare da ya tambaye ta inda take tsaye ba, sai ta sayi sabon layi. Da magana ta juya kan wanda ya ɗauka, ta tuna bayanin da na yi bara a baranda, cewa in kebul ɗin nan ya shiga ramin rawaya to Malama ta shigo falo.

“Don ina son sa ne,” ta ce. “Wallahi don ina son sa ne.”

Ban yi shakkar haka ba, shi ya sa ma abin ya fi ciwo.

*

Mai Kanti ya daɗe kansa a ƙasa kafin ya miƙe ya je gaban Malama. Ya ba ta haƙuri, ya ce ta warware kayanta. Ta ce ta haƙura, amma ba a falo aka ɓata mata suna ba, don haka ba a falo za a gyara shi ba. A guruf ɗin da aka zarge ta, a nan take so ya rubuta da lambarsa cewa ba ita ba ce, kuma Maman Biyu ma a faɗi inda ta je ranar. Ba ta nemi a ambaci mai laifin ba. Ya zaro waya a take ya rubuta, ya nuna mata kafin ya tura. Na dubi Mai Aski na ce sauran aikin yaɗa labarin nasa ne, amma in na ji sunan wani ya fita daga ɗakin nan, lambar sirrin ƙwallo ta tafi ke nan har abada. Ya kama kunnensa da hannu biyu.

Na fita baranda na zare kebul ɗin Malama na maida shi akwatin kamfani, na sa sabon salatif, na canja lambobin sirri na ɓangarorin biyu. Na gwada daga ɗakinta, ba a ganin komai na masu gida. Na gwada daga falo, ba a ganin komai nata. Katanga ta koma yadda na gina ta.

Ina haɗa kayan aikina Maman Biyu ta ce Baba na kira, ni da Malama. Muka shiga. Gwaggo na durƙushe a bakin ƙofa, ta kasa shiga ta kasa tafiya. Tsohon ya dubi Malama ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

“Malama... zauna. Ki koyar.”

Ta ce to, Baba. Sai ya juyo gare ni, ya nuna kusurwar da kyamarar take. Na matsa na ce lafiyarta ƙalau, yanzu ba mai iya leƙa ta sai wanda aka ba sabuwar lamba. Ya girgiza kai.

“Cire,” ya ce. “Mai son ganina... ya shigo.”

Na jawo kujera na hau, na kwance ta na sa a jaka. Ina saukowa na ga Gwaggo ta rarrafo ta ƙetare bakin ƙofar, ta zo ta zauna a ƙasa daidai inda ya faɗi. Bai dube ta ba tukuna, amma bai juya wa bango fuska ba. Na ja musu ƙofa, na tsallaka titi in ƙarasa askina.